Dutsen Niƙa a Bayan Shuɗiya

Tun da na dawo ban huta ba. Gidan suna, gidan gaisuwa, bakin famfo, duk inda na sa ƙafa sai an tare ni. "Inna Kulu, wai da gaske ne kin wuni a gareji cikin maza?" "Wai har Tsafe kika kai da motar nan?" Na faɗa, na maimaita, har muryata ta dushe, kuma kowace ta tashi sai ta ƙara nata gishirin. Shi ya sa na kira maƙwabciyata Malama Asabe, mai koyar da matan aure, na ce ta zauna da biro. Ni ban san baƙi ba sai ɗan abin salla. In kun ga magana ta katse, kuka ne ya ci ƙarfina. Ba na ɓoye shi. Mijina ne ya mutu, ba akuya ba.

Sunansa ba zai fito daga bakina ba, duk Ruwan Bore an san Malam Direba. Motarsa kuma an fi saninta da shi. Shuɗiya ake ce mata, irin mai dogon bayan nan ta da, wadda yanzu sai ka yi yawon jiha ba ka ga biyu ba. Ya saye ta ɗana Sani yana goye, yau ga Sani da furfura a gemu. Da ita Malam ya yi jigilar gero da dawa kasuwa-kasuwa, da ita ya kai masu naƙuda asibiti, da ita ya kai gawar rabin dattawan garinmu makwanci. Injinta na asali ya gaji, ya sa mata na akori-kura, mai ƙarfi da nauyi. Bai taɓa kayar da kowa ba. Rubuta wannan da kyau, Asabe. Bai taɓa ba.

Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi, a kan shimfiɗarsa, kansa bisa cinyata.

Da aka zo rabon gado, sai aka ce a fito da duk abin da ke cikin motar a gani, kamar yadda ake yi. Aka fito da jak, da safaya, da buta, da sallaya. Sai a can baya, daidai saman ƙafafun baya, aka tarar da wani abu lulluɓe da tsohon buhu, an ɗaure shi tam da igiya a jikin ƙarfe. Aka kwance. Dutsen niƙa ne, babba, maza uku suka sauke shi suna nishi. Na ce nawa ne, gadon mahaifiyata, ba ya cikin rabo. Tun da injin niƙa ya zo gari Malam ya roƙe ni shi. Na tambaye shi abin da zai yi da shi, ya yi dariya ya ce, "Yawo zan riƙa kai surukata." Ban sake tambaya ba. Aka kai mini dutsen ɗaki.

Motar ta faɗa hannun Sani. Satin farko, a kwanar da ke bayan makaranta, bayanta ya zame, ta juya ta fuskanci inda ta fito. Bai daɗe ba ta sake yi masa haka a hanyar kasuwa, ta shiga gonar wake da baya. Allah ya tsare, ko ƙwarzane babu.

Daga nan Alhaji Bawa, ƙanin Malam, ya buɗe baki. A majalisa ya fara, yana jan carbi. Wai kowa ya lissafa da kansa: da dutse mota lafiya, an cire dutse mota ta haukace. Wai mutum ba ya ɗaure dutse a ɓoye shekara da shekaru don Allah. Bai ce tsafi ba, ya bar wa mutane suka faɗa. Ina cikin takaba magana ta riƙa shigo mini ta katanga. Na lura masu zuwa gaisuwa in sun ce "Allah ya jiƙan Malam" sai su ƙara da "Allah ya yafe masa abin da ya ɓoye." Mutumin da ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya sai ya fita asuba! Alhaji Bawa har ya yi magana da 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, su zo su yanka motar, wai a raba iyali da abin.

Sani ya ce, "Inna, mu mayar da dutsen kawai mu huta."

Na ce, "In muka mayar ta daidaita, me muka gaya wa gari? Mun ce Bawa ya yi gaskiya. Dutsen nan ba zai bar ɗakina ba sai an gaya mini dalilinsa da rana tsaka."

Ranar da na fita takaba na yi wanka, na aika wa Alhaji Bawa cewa tumunina na gado yana cikin motar, duk wanda ya kusance ta da wuta ya kusanci haƙƙina. Washegari na sa makulli a ɗaki, na ba Asabe, na ɗaure kayana a zane, na shiga kujerar baya inda na saba zama. Sani ya tsaya yana kallona.

"Ina za mu?"

"Inda masu sanin mota suke. Ja mu je."

Mun fita da hantsi, don yanzu hanyoyinmu ba a yi musu sammako, ba a kuma yi musu yamma. Sani yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Duk da haka, a wata kwana mai tsakuwa na ji abin da jikina. Gaban motar ya shiga kwana lafiya, sai bayanta, inda nake zaune, ya yi sauƙi kamar an ɗaga ni a faifai, ya nufi gefe yana neman ya riga gaba wucewa. Sani ya danna burki, abin ya ƙaru. Ƙwaryar furar da na riƙo ta kife a cinyata. Muka tsaya a karkace a tsakiyar hanya, wani mai babur ya wuce yana salati.

Sani ya ce, "Kin gani ko, Inna?"

Na ce, "Na gani. Fura ce ta zube. Tayar."

Haka na shiga Gusau, zane duk nono, ƙudaje na rakiya.

A Gusau an kwatanta mana garejin wani Malam Ɗanjuma. Ban taɓa shiga gareji ba. Wuri ne da ƙasa ta zama baƙa, kowa na ihu ba wanda ke faɗa, ana cin abinci da hannun da ba za ka yarda ya taɓa maka tabarma ba. Da muka shiga aiki ya tsaya cak. Suka zagaye Shuɗiya, wannan ya shafa fitila, wancan ya ɗauki hoto da waya. Wani ya ce kakansa ya yi irinta. Aka kawo mini benci, na ƙi zama nesa, na ja shi har gindin motar.

Ɗanjuma gajere ne mai yawan barkwanci. Ya ce, "Inna, mi ke damun tsohuwar?"

"Wace daga ciki?"

Gareji ya ɗauki dariya. Sani ya fara bayani, yana cewa sitiyari ne. Ɗanjuma ya tsayar da shi. Ya ce rashin jin magana a kwana iri biyu ne. Akwai motar da za ka juya sitiyari ta ƙi, ta tafi miƙe abinta, wannan ƙafafun gaba ne suka saki ƙasa. Akwai kuma wadda ta fi ka son kwanar, ka ba ta kaɗan ta ɗauki da yawa, bayanta ya wulla waje, wannan ƙafafun baya ne suka saki. Ya ce wanne ne?

Na ce, "Na biyun. Ni ke zaune a baya, ni aka wulla."

Ya zagaya ya duƙa. Sai ya ɗago yana kallon Sani. Ashe bayan rasuwa Sani ya sayi sababbin tayu biyu don ya girmama motar ubansa, ya sa su a gaba inda ido ke gani, ya bar suɗaɗɗu a baya. Mai facin garinmu kuma, da ya saba ganin motar hatsi ce, ya ɗura wa na bayan iska har suka yi tauri kamar goriba. Ɗanjuma ya ce gaba na riƙe ƙasa, baya na tsalle a kanta, dole a yi rawa. Aka mayar da sababbin baya, aka rage iska. Na tambaye shi ko za a duba sauran abubuwan gaba ɗaya. Ya ce a'a, abu ɗaya ake taɓawa a gwada, in ka taɓa biyar ta gyaru ba ka san wanda ya gyara ta ba. Wannan magana ta zauna mini, don ni ba gyara kaɗai na fito nema ba, dalili na fito nema.

Suka fita gwaji bayan gari, na ce da ni za a je. Ta yi sauƙi, ba ƙarya. Amma da Ɗanjuma ya ɗan taka totur a kwana, sai bayan ya sake leƙowa. Ya dawo ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe. Da ya fito ya ce, "Inna, ba zan cuce ki ba. Ƙasan motar nan ba yadda aka ƙero ta yake ba, an taɓa. Ni injin na sani. Ku je Tsafe wajen Mamman Mai Sifirin."

Na ce masa, "An cire wani dutse daga bayanta."

Ya sosa ƙeya. "Dutse kuma? To, Allah ya sa alheri." Na ga yadda idonsa ya canja. Ban ƙara ba.

Mun sauka gidan Hadiza, ɗiyar ƙanwata, da ke auren ma'aikaci. Ta karɓe ni da kuka da ruwan zafi, Allah ya yi mata albarka. Amma zaman birni sai su. Ƙofa a kulle da rana tsaka. Na tambaye ta sunan maƙwabciyarta ta ce ba ta sani ba, "Maman wane" kawai take ce mata. Ruwan sha a leda, a saya. Aka kawo mini wata taliya mai lanƙwasa kamar tsutsa, da cokali mai yatsu, wai ita yara ke so. Na ci don kada ta ji kunya, na tashi kamar ban ci ba. Katifar kuma ta haɗiye ni, na sauko ƙasa na shimfiɗa zanena. Mijinta da ya ji labarin ya ce in bar wahala, zai yi wa Sani hanyar wata ƙaramar mota. Na gode masa, na ce ba mota na rasa ba.

Hanyar Tsafe kwalta ce, sai ramuka da manyan motoci. Mun wuce dutsen Kwatarkwashi, na tuna yadda Malam kan rage gudu a nan ya saya mini rake. Na yi kuka har Sani ya ce ko ya tsaya, na ce ya kula da gabansa. Shingayen jami'ai kuwa ban ƙirga ba. A wani shinge wani dogo mai bindiga, da ganinsa ba ɗan ƙasarmu ba ne, ya zagaya motar sau biyu yana dariya, ya ce da gurguwar Hausa, "Mama, wannan mota ya girme babana. Ina zuwa?"

Na ce, "Asibiti za mu kai ta."

Ya ƙame ya sara mata, ya ɗaga mana itacen shingen.

Mamman Mai Sifirin ba ya dariya, ba ya gaisuwa mai tsawo. Runfarsa cike da fallayen ƙarfe jere kamar itacen girki. Bai tambaye mu komai ba. Ya je kusurwar motar ta baya ta dama ya danna da ƙarfinsa ya saki, ta taso ta tsaya. Ya je ta hagu ya danna ya saki, ta yi ta lilo kamar reshe. Ya ce shakazoban wannan gefen ya mutu, shi ne ƙarfen da ke hana ƙafa tsalle bayan ta taka rami, man cikinsa duk ya tsiyaye. Ya nuna mini jiƙar da yatsa. Aka nemo wani aka sa. Aikin ya ci wuni, don ƙusoshin sun yi tsatsa, sai da aka sa musu wuta.

A nan na sadu da Hajiya Mairo mai abinci, wadda runfarta ke jikin tasa. Ta ga tsohuwa zaune cikin ƙarafa, ta aiko mini da hoce da miyar sure. Sai a ranar na san na ci abinci tun barin gida, ko da yake mutanen Tsafe suna da hannu a barkono, sai da na sha ruwa kofi biyu. Ita ma mijinta ya rasu. Ba ta ce mini in yi haƙuri ba, shi ya sa na so ta. Ta ce, "Yi kukanki, Yaya, ni nawa sai da na shekara ina yi a kan tukunya, masu saye na cewa miya ta yi gishiri." A ɗakinta na kwana, kan tabarma, muka raba bargo.

Da safe Mamman ya gwada motar a wani fili. Lilon ya tafi, zamewar ta ragu ƙwarai, amma tana nan. Ya kira ni ya ce in duƙa. Na duƙa da gwiwoyin nan nawa. Ya nuna mini sifirin ɗin baya, fallayen ƙarfe ne a goye da juna, ya ce waɗannan na asali ne, waɗannan masu kauri kuwa ƙari ne aka cusa. Bayan motar ya yi tauri fiye da kima. Ya ce zai iya cirewa, amma ba ya kwance aikin wani bai san dalilinsa ba. Ya shafa ɗaurin ƙarfen ya ce, "Wannan ɗaurin na Malam Nomau ne na Bunguɗu. A wajensa na koya. In yana da rai, shi za ku tambaya."

Muna shirin tashi wayar Sani ta yi ƙara. Alhaji Bawa ne. Ina jin muryarsa daga inda nake. Wai 'yan gwangwan sun gaji da jira, wai gari na cewa na tafi neman bokan da zai sake ɗaure abin. Sani ya kashe waya ya zauna a kan taya, ya rufe fuska.

"Inna, in fa gaskiya ne? Mun gyara taya, mun gyara ƙarfe, ba ta daina ba. Ke kanki ba ki san dalilin dutsen nan ba."

Ban sani ba, gaskiyarsa. Amma na san wanda na yi zama da shi. Na ce, "Ni na wanke masa riga tun ba a haife ka ba, ban taɓa tsintar ko laya a aljihunsa ba. In ka gaji, ba ni makullin in nemi direba a tasha."

Ya tashi ya buɗe mini ƙofa.

Bunguɗu tana ɗaya gefen, sai da muka sake ratsa Gusau muka ɗauki hanyar Sakkwato. A tsakiyar gari ruwan injin ya tafasa, muka tsaya gaban wani shago ana ta yi mana hon, wata mai awara ta ba mu ruwan wanke-wankenta muka zuba. Shuɗiya ta sha ruwan awara ta ci gaba.

Malam Nomau ya bar aiki. Mun same shi a zaure kusa da gulbi, idanunsa sun yi fari, 'ya'yansa ke riƙe da garejin. Tun kafin Sani ya kashe mota na ji tsohon ya ɗaga murya daga ciki: "Wannan injin na san shi! Direba, kai ne? Shekara nawa, ɗan banza!"

Ba wanda ya kai masa labari. Ni na gaya masa, a bakin zaure, tsaye. Ya zame ya zauna, ya yi ta salati, hawaye na bin gemunsa. Muka yi kuka tare, ni da mutumin da ban taɓa gani ba. Dakata, Asabe. Bari in sha ruwa.

Da muka natsu, matarsa ta kawo kunun tsamiya. Mutanen Bunguɗu akwai karamci, sai dai tambaya, kafin in shanye kofi ta san sunan kakata. Sani ya zayyana wa tsohon komai. Da ya zo kan dutsen ya rage murya. Malam Nomau ya ce, "Mi? Ɗaga murya." Sani ya maimaita, har da abin da ake faɗa a gari.

Tsohon ya yi dariya har ya sarƙe, sannan ya fusata. "Tsafi? Awo, to ni ne bokan! Ni na ɗaura igiyar da hannuna!"

Ga yadda ya warware mana. Lokacin da Malam ke jigilar hatsi, buhuna na danne bayan motar har tana jan ƙasa, shi ne ya ƙara mata fallayen nan masu kauri don ta ɗauki kaya. Da kaya a kai, sifirin na lanƙwasa daidai, ƙafafu na manne da ƙasa. Ga injin akori-kura kuma ya ƙara wa gaba nauyi, ya ƙara ƙarfin da ke tura ƙafafun baya. Da Malam ya manyanta ya daina jigila, sai motar ta koma yawo ba kaya: gaba nauyi, baya tauri kuma fayau, ga ƙarfi. Ranar farko da ta wulla shi ya zo Bunguɗu. Nomau ya ce a cire ƙarin. Malam ya ƙi, wai ko lokacin kaka wani zai roƙe shi ya ɗauko masa amfanin gona, ba ya so ya ce a'a. Nomau ya ce to sai dai ya riƙa ɗaukar nauyi kullum, daidai saman ƙafafun, kuma a ɗaure kada ya yi yawo. Suka gwada buhun yashi, yana fashewa yana ɓata mota. Sai wata rana ga shi da dutsen niƙa.

Tsohon ya ce, "Na ce masa ina ka samo wannan? Ya ce na uwar matata ne, ta riƙe gidansu da shi, za ta riƙe mini mota."

Na rufe fuska da mayafi. Ban san ya faɗi haka ba.

Amma ban zo Bunguɗu don in ji daɗi ba. Na ce, "Malam, ka ce nauyi ne. Ko wane nauyi?"

"Ko wane iri, Hajiya. Ko jaki kika ɗaure."

"A nuna mini."

'Ya'yansa suka ciko buhu biyu da yashin gulbi. Muka je wani fili mai jar ƙasa, aka kafa gwangwani a tsakiya. Sani ya zagaya shi ba kaya, baya ya zame. Aka ɗora yashi, ya zagaya da wannan gudun, ta bi kwana kamar an ja ta da zare. Aka sauke, ta zame. Aka mayar, ta tsaya. Tsohon yana zaune a kujera yana saurare da kunne, yana yi wa Sani ihu: "Burki kafin kwana, ba cikinta ba! In ka shiga kada ka saki totur gaba ɗaya, riƙe shi daidai! Haka ubanka ke yi!" Da ya faɗi haka na tuna, lallai ban taɓa jin muryar injin ta faɗi a tsakiyar kwana ba in Malam ke tuƙi.

Malam Nomau ya ce maganin gaskiya shi ne a cire ƙarin fallayen, tunda jigila ta ƙare, kuma yaransa za su yi a wuni ɗaya. Na ce za a yi, amma ba yau ba. Na ce a zubar da yashin ma. Yadda ta bar gida ba kaya haka za ta koma.

Mun iso Ruwan Bore ranar Juma'a kafin a sauko masallaci. Ban shiga gida ba. Na sa Sani ya tsaya a filin idi, na aika a gaya wa Liman ina roƙon shi da jama'a su biyo ta nan. Suka zo, har da waɗanda ba a kira ba. Mata suka tsaya daga bakin katanga. Alhaji Bawa na gaba, cikin babbar riga mai aiki. Mutum ne da Allah ya ba jiki, in ya hau babur sai an tausaya wa babur.

Na gaishe da Liman, na ce Asabe ta faɗa wa jama'a inda dutsen yake. Ta ɗaga makulli ta ce yana ɗakina, ba a buɗe ba tun tafiyata. Na kafa buta a tsakiyar fili. Sani ya zagaya ta, bayan Shuɗiya ya zame ya share ƙasa, mutane suka ja da baya suna a'uziyya.

Alhaji Bawa ya ce, "To, kun gani da idonku."

Na ce, "Mun gani. Alhaji, kai ka je Makka, ba wanda ke zarginka da komai. Shiga baya ka zauna inda dutsen yake a da."

"Ni? A wajen kaya? Kulu, takaba ta taɓa miki kai?"

"In tsoro kake ji, faɗa a gaban Liman, sai in nemi wani."

"Ni ba na tsoron kowa sai Allah!"

Liman ya ce, a hankali, "To shiga mana, Alhaji."

Aka ɗaga ƙofar baya. Ya tattare riga, ya hau da rarrafe, hula ta faɗi wani ya miƙa masa. Motar ta ɗan zauna. Ya kama ƙarfe da hannu biyu. Sani ya ja, ya rage gudu kafin buta, ya riƙe totur yadda aka koya masa, da gudun ɗazu. Shuɗiya ta zagaya lafiya lau. Na ce ya sake. Ta sake. Na ce a sauke Alhaji a gwada. Ta zame. Ban ce a mayar da shi ba, shi Liman ne ya ce, don a tabbatar.

Da ya sauko karo na biyu, gumi ya jiƙa masa wuya. Na matsa kusa yadda kowa zai ji.

"Alhaji, da kai mota lafiya, ba kai mota ta haukace. Kowa ya lissafa da kansa. Mu ɗaure ka da igiya, ko za ka roƙa wa ɗan'uwanka gafara da baki ɗaya?"

Wata daga bakin katanga ta fara dariya, sai fili ya ɗauka. Ni ban yi ba. Sani ya yi wa jama'a bayanin sifirin da injin, mai facin garinmu yana gyaɗa kai kamar da ma ya sani. Alhaji Bawa ya daɗe yana kakkaɓe riga. Sannan ya ce, "Allah ya jiƙan Yaya." Na jira in ji ko akwai ƙarin nan na "abin da ya ɓoye". Babu. Liman ya ɗaga hannu aka yi wa Malam addu'a a wurin, cikakkiya, kowa ya shafa.

Sati na zagayowa Sani ya koma Bunguɗu aka cire ƙarin fallayen. Yanzu tana tafiya daidai ba ta bukatar komai a baya, jiya ma ta kai matar mai faci asibiti. Dutsen yana nan ɗakina, ga shi can bayan ƙofa, da shatar igiya a jikinsa. Masu cewa in fitar da shi tsakar gida don ya tare wuri, su bar faɗa. Da asuba in na idar da salla nakan ɗora hannu a kai in yi kukana. Yawon da ya yi da Malam ya fi wanda ni na yi a kujerar baya.

Ajiye biron, Asabe. Wadda ta sake tambaya, ki karanta mata.